Wa Ke da Labarin? Makomar Marubuci Tsakanin Littafi, Talabijin da Wasan Bidiyo

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi rayuwar aikin masu ƙirƙirar labari a masana'antu uku, wato littafi, talabijin da wasannin bidiyo, a Amurka da Turai da Japan. Ta mayar da hankali kan abin da ke saura a hannun marubuci bayan aikinsa ya shiga kasuwa. Hujjar maƙalar ita ce, sharuɗɗan da aka rubuta tun kafin a san ko aiki zai karɓu su ne ke yanke makomar mai shi, kuma sabon shiga ba ya iya samo sharuɗɗa masu kyau shi kaɗai. Inda aka samu, ƙungiya ce ko doka ta samo masa. A ƙarshe an taɓo abin da wannan ke nufi ga marubutan Hausa da suka ratso daga littafi zuwa finafinai masu dogon zango.

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1986 mujallar Fantastyka ta ƙasar Folan ta buga wani gajeren labari na Andrzej Sapkowski, ma'aikacin wani kamfanin cinikayya, wanda ya shiga gasarta ya zo na uku. Labarin wani maharbin dodanni ne mai suna Geralt. Daga nan littattafai suka biyo baya, suka karɓu a Folan da maƙwabtanta. A farkon shekarun 2000 kamfanin CD Projekt ya nemi izinin mayar da labarin wasan bidiyo, ya kuma yi wa marubucin tayin kaso daga ribar da za a samu. Sapkowski ya ƙi, ya ce a ba shi kuɗinsa a dunƙule. Shi da kansa ya bayyana a wata hira a 2017 cewa bai yi zaton wasan zai kawo wata riba ba.

Wasan The Witcher ya fito a 2007. Na ukunsa, wanda ya fito a 2015, ya zuwa 2023 an sayar da fiye da kwafi miliyan 50. A watan Oktoban 2018 lauyoyin Sapkowski suka aika wa kamfanin takardar neman zuloti miliyan 60, kimanin dala miliyan 16 a lokacin. Sun dogara ne da sashe na 44 na dokar haƙƙin mallaka ta Folan, wanda ya ba marubuci damar neman kotu ta ƙara masa lada idan tazarar da ke tsakanin abin da aka biya shi da abin da mai saye ya samu ta yi muni. Maganar ba ta kai ga hukunci ba. A Disamban 2019 ɓangarorin biyu suka sanar da sabuwar yarjejeniya, a daidai watan da Netflix ta fara haska shirin talabijin da aka gina a kan littattafan.

Abin da ya ba Sapkowski damar sake ciniki abu biyu ne: shi ne mai littafin, sannan dokar ƙasarsa ta tanadi gyara ga wanda ya yi mugun ciniki. Marubutan da suka zauna a ofishin kamfanin suka tsara dubban layukan zance na wasan ma'aikata ne, abin da suka rubuta na kamfani ne. Waɗanda suka rubuta shirin Netflix kuwa suna ƙarƙashin wani tsari na daban. Labari ɗaya ke nan, da marubuta iri uku, kowanne da irin rabonsa. Wannan bambanci ne maƙalar za ta bi diddigi.

2.0 Marubucin littafi

Marubucin littafi ne ya fi sauran 'yanci a idon doka. Haƙƙin mallaka nasa ne tun daga ranar da ya rubuta, abin da yake ba maɗaba'a izini ne na bugawa, a madadin kaso daga kowane kwafi. A manyan maɗaba'un Amurka kason kan kama daga kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na farashin littafi mai kaurin bango. Sai dai mallaka ba ta cika tukunya. Binciken da ƙungiyar ALCS mai karɓar wa marubutan Birtaniya haƙƙinsu ta ɗauki nauyi a 2022 ya nuna cewa matsakaicin abin da wanda rubutu ne babbar sana'arsa ke samu a shekara fam 7,000 ne, wato ya ragu da kusan kashi 60 cikin ɗari daga 2006 idan aka yi la'akari da tsadar rayuwa. Wannan ne ya sa da yawansu ke haɗawa da koyarwa ko aikin jarida, wasu kuma su nufi talabijin da kamfanonin wasanni.

Ko yarjejeniyar da aka sa wa hannu ma tana buƙatar mai tsaya mata. Alan Dean Foster, wanda ya rubuta littafin fim ɗin Star Wars na farko, ya koka cewa kasonsa ya daina zuwa bayan Disney ya sayi Lucasfilm a 2012. Sai da ƙungiyar marubutan ƙagaggun labaran kimiyya ta Amurka ta fito da maganar bainar jama'a a Nuwamban 2020 kafin aka sasanta da shi a shekarar da ta biyo.

3.0 Talabijin: an ba da mallaka, an karɓi sharuɗɗa

A dokar Amurka, rubutun da mutum ya yi a matsayin ɗan ƙwadagon kamfani, kamfanin ne marubucinsa a shari'ance. Marubucin Hollywood ba shi da haƙƙin mallakar abin da ya rubuta. Duk wani abin da yake taƙama da shi a yau ƙungiya ce ta ƙwato, ɗaya bayan ɗaya, cikin shekaru casa'in.

An kafa ƙungiyar marubutan fim a 1933. A yarjejeniyarta ta farko da kamfanoni, wadda aka cim ma a 1941, ta karɓi ikon yanke hukunci kan sunan wa zai fito a matsayin marubuci. Kafin nan furodusa na iya cire sunan wanda ya yi aiki ya sa na ɗan ɗakinsa, ko nasa. A ganina wannan ce babbar nasarar da ƙungiyar ta taɓa samu, domin a sana'ar da babu takardar shaida, sunan da ya fito a allo shi ne shaidar da mutum zai nemi aiki na gaba da ita, kuma daga baya da shi aka riƙa lissafa kuɗin maimaici, wato ladan sake haska aiki. Yajin aikin 1960, wanda 'yan wasa ma suka yi nasu a shekarar ƙarƙashin shugabancin Ronald Reagan, ya samar da asusun fansho da na kiwon lafiya, da kaso idan an haska fim a talabijin. Na 2007 zuwa 2008, mai kwana 100, ya shigar da abin da ake shiryawa don intanet cikin hurumin ƙungiyar. A lokacin wasu na ganin an ɓata lokaci a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Shekaru biyar bayan haka Netflix ta fito da House of Cards, kasuwar ta juya gaba ɗaya zuwa can.

Kuɗin maimaici ya cancanci a tsaya a kansa. Aikin marubucin talabijin ba ya ɗorewa. Shiri kan mutu bayan zango ɗaya, mutum ya yi wata shida ko shekara bai samu wani ba. Ɗan abin da ke shigowa duk lokacin da aka sake haska tsohon aikinsa shi ke riƙe shi a cikin sana'ar har wani aikin ya samu. Ba don shi ba, da 'ya'yan masu hali ne kaɗai za su iya jure zaman jiran.

Tsohon tsarin tashoshin Amurka yana fitar da kashi 22 ko kusa da haka a zango guda. Marubuta kan yi kusan shekara suna aiki tare a ɗaki ɗaya, ana rubutu ana ɗauka a lokaci guda. Ƙaramin marubuci yakan je wurin ɗaukar kashin da ya rubuta, ya ga yadda jimlar da ya yi alfahari da ita ta gagari bakin ɗan wasa, ya zauna da mai tace hoto, ya koyi abin da kowane shafi ke ci na kuɗi. Da haka yake hawa mataki-mataki har ya zama jagoran shiri. George R. R. Martin ya bi ta wannan hanya. Ya yi aiki a shirin The Twilight Zone a tsakiyar shekarun 1980, sannan a Beauty and the Beast, kafin ya koma littafi ya fitar da A Game of Thrones a 1996. Labarin ya dawo talabijin ta HBO a 2011, daga baya kuma kamfanin FromSoftware na Japan ya gayyace shi ya tsara tarihin duniyar wasan Elden Ring na 2022. A watan Mayun 2023 ya yi rubutu yana mai cewa a wurin ɗauka ya koyi sana'ar, kuma tsarin da ya raba marubuta da wurin ɗauka zai bar masana'antar babu magada.

Tsarin da yake magana a kai shi ne wanda dandalolin kallo ta intanet suka kawo. Zango ya koma kashi takwas ko goma. Sai a tara marubuta kaɗan na 'yan makonni, su zana labarin, a sallame su tun ba a kunna kyamara ba. Babu maimaici irin na da, tunda shiri yana zaune a dandali ne kullum, kuma a lokacin kamfani ba ya faɗin yawan waɗanda suka kalla. Alƙaluman da ƙungiyar marubutan ta fitar a 2023 sun nuna cewa kusan rabin marubutan talabijin na karɓar mafi ƙarancin lada ne, alhali shekaru goma kafin nan kashi ɗaya bisa uku ne, sannan matsakaicin ladan mako na manyansu ya faɗi da kashi 23 cikin ɗari idan aka cire hauhawar farashi.

Marubuta kimanin 11,500 suka ajiye aiki daga 2 ga Mayu zuwa 27 ga Satumban 2023, kwana 148. Yarjejeniyar da ta biyo baya ta ƙayyade mafi ƙarancin adadin marubuta gwargwadon tsawon zango: uku ga shirin da bai wuce kashi shida ba, biyar ga mai kashi bakwai zuwa sha biyu, shida ga wanda ya haura haka, in ban da shirin da mutum ɗaya ya rubuta dukansa. Ta wajabta a riƙe wasunsu har lokacin ɗauka. Ta tanadi ƙarin lada idan kashi 20 cikin ɗari na masu biyan kuɗin dandali a Amurka sun kalli shiri cikin kwana 90 na farko, ta kuma tilasta wa kamfanoni nuna wa ƙungiyar alƙaluman kallo. Game da ƙirƙirarriyar basira, an amince ba za a ɗauki abin da na'ura ta fitar a matsayin rubutun marubuci ba, ba za a rage sunan mutum ko ladansa saboda ita ba, kuma ba za a tilasta masa amfani da ita ba. Akwai masu sukar ƙayyade adadin marubuta, suna cewa ƙungiya ta shiga hurumin fasaha. Ban yarda da su ba. Kujerun nan su ne makarantar sana'ar, kuma babu kamfanin da zai biya kuɗin horar da wanda gobe zai tafi ya yi wa wani aiki sai an ɗora wa kowa nauyin a lokaci ɗaya.

4.0 Wasannin bidiyo: masana'antar da ta girma babu ƙungiya

Kuɗin da wasannin bidiyo ke shigowa da su a duniya a yau sun ninka na gidajen sinima sau da yawa, amma ma'aikatansu har yanzu suna neman abin da marubutan fim suka samu a 1941.

Rikicin suna ya faro tun da wuri. A wancan zamani kamfanin Atari ba ya sa sunan wanda ya ƙirƙiri wasa. Warren Robinett, wanda ya yi wasan Adventure da ya fito a 1980, sai ya ɓoye wani ɗaki a cikin wasan ya rubuta sunansa a ciki, ba tare da sanin shugabanninsa ba. A 1979 wasu ma'aikatan kamfanin huɗu, David Crane, Larry Kaplan, Alan Miller da Bob Whitehead, suka lissafa suka ga wasanninsu ne suka kawo fiye da rabin cinikin kaset ɗin kamfanin. Suka nemi suna da kaso. Kamar yadda Crane ya sha ba da labari, shugaban kamfanin Ray Kassar ya nuna musu cewa ba su fi wanda ke haɗa kaset a masana'anta muhimmanci ba. Suka fice suka kafa Activision, wanda ya riƙa buga sunan mai wasa da hotonsa a takardar da ke cikin kwali. A Japan kuwa kamfanoni da dama a shekarun 1980 sunayen boge suke sa wa ma'aikatansu, don kada abokan hamayya su gane su su zawarce su.

Har yau babu wata doka ta bai-ɗaya. Lokacin da L.A. Noire ya fito a 2011, mutane fiye da 100 da suka yi aiki a kansa a Ostareliya ba su ga sunayensu ba, sai da suka buɗe shafi na kansu suka jera. A 2018 kamfanin Rockstar ya tabbatar cewa a al'adarsa wanda ya bar aiki kafin wasa ya fito ba ya shiga jerin sunaye. Idan aka tuna cewa babban wasa kan ci shekara biyar ko fiye, za a gane nauyin wannan. Mutum na iya ba da shekara huɗu na ƙuruciyarsa, ya fita saboda rashin lafiya ko haihuwa, ya zamana ba shi da abin nunawa. Suna ya zama igiyar ɗaure ma'aikaci, musamman a watannin ƙarshe da ake aiki ba dare ba rana. Wannan ɗabi'a ta aiki ba hutu ta fito fili a 2004, sa'ad da Erin Hoffman ta wallafa bayanin irin sa'o'in da ake sa wanda za ta aura yi a Electronic Arts. Ƙararrakin da aka shigar kan kuɗin ƙarin lokaci sun sa kamfanin ya biya dala miliyan 15.6 a 2005 da miliyan 14.9 a 2006.

Shahara ma ba ta tsare kowa ba. Kamfanin Konami ya cire sunan Hideo Kojima daga bangon Metal Gear Solid V a 2015, bayan kusan shekara talatin yana jan wannan jerin wasanni, ya kuma hana shi halartar bikin da aka karrama wasan. Ya fita ya kafa nasa kamfanin, amma Metal Gear ya zauna a hannun Konami. Kamfanin Telltale, wanda aka san shi da wasanni masu ƙarfin labari irin su The Walking Dead na 2012, ya sallami ma'aikata kimanin 250 a rana ɗaya a Satumban 2018 babu kuɗin sallama. Masu bibiyar masana'antar sun ƙirga fiye da mutum 10,000 da aka sallama a 2023, da fiye da 14,000 a 2024. Microsoft, wata uku bayan ya kammala sayen Activision Blizzard a kan kusan dala biliyan 69, ya rage mutum 1,900, sannan a Mayun 2024 ya sanar da rufe Tango Gameworks na Tokyo, wanda wasansa Hi-Fi Rush ya ci kyaututtuka, har sai da kamfanin Krafton na Koriya ta Kudu ya saye shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Marubuci a wannan masana'anta yana da wata matsala tasa ta daban. Sau da yawa akan kira shi ne bayan an gama gina matakan wasa, a ce ya nemo dalilin da ya sa jarumi ke tafiya daga nan zuwa can. Rhianna Pratchett, wadda ta rubuta Tomb Raider na 2013, ta daɗe tana kokawa da wannan. Wanda ba a shigar da shi tun farko ba, da wuya ya yi iƙirarin cewa labarin nasa ne.

Abin da ya fara sauyawa daga ƙasa ya faro. Masu gwajin wasa, waɗanda su ne mafi ƙarancin albashi, su suka kafa ƙungiya a Raven Software, wani reshen Activision, a Mayun 2022, da ƙuri'a 19 a kan 3. Takwarorinsu kimanin 300 na ZeniMax suka bi a Janairun 2023. Masu ba da murya sun yi yajin kusan shekara guda daga 2016 zuwa 2017 suna neman kaso daga wasannin da suka yi ciniki, suka samu ƙarin lada gwargwadon zaman ɗaukar murya kawai. Sun sake fita daga Yulin 2024 zuwa Yunin 2025, suka samu sharaɗin cewa ba za a kwaikwayi muryar mutum ko motsinsa da na'ura ba sai da saninsa da yardarsa.

5.0 Inda zancen ya shafe mu

Marubutan Hausa sun san ratsawa daga wannan fage zuwa wancan. Ado Ahmad Gidan Dabino, Balaraba Ramat Yakubu da Bala Anas Babinlata daga littafi suka shiga fim a shekarun 1990. Tun da tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, shirye-shirye irin su Daɗin Kowa sun ba marubutan littafi aikin albashi a ɗakin rubutu, sannan YouTube ya buɗe kasuwar finafinai masu dogon zango. Abin da aka saba gani a wannan kasuwa shi ne cinikin da Sapkowski ya yi: a biya marubuci sau ɗaya, sau da yawa da baki, a rabu. Ga kuma masu karanta littattafan mutane a tashoshinsu suna karɓar kuɗin talla ba tare da izini ba.

Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris na 2023, ta ce sayar da haƙƙi ko ba da izini na keɓe ba ya inganta sai a rubuce, ta kare haƙƙin marubuci na a ambaci sunansa, ta kuma buɗe hanyar neman a sauke aikin da aka ɗora a intanet ba da izini ba. Abin da ya rage shi ne ƙungiyoyin marubuta su fitar da samfurin yarjejeniya guda ɗaya da sabon marubuci zai miƙa wa furodusa ba tare da ya ji kunya ko tsoron a ce ya cika son kuɗi ba. Ya kamata ta fayyace yadda suna zai fito, ko da wani ya karɓi rubutun a zango na gaba, da wanda ke da ikon mayar da labarin littafi, da kuma kaso bayan an mayar da uwar kuɗi.

A nan marubucinmu yana da wata dama da na Hollywood ya yi kwana 148 yana nema. Yawan masu kallo a YouTube a fili yake, kowa na gani a ƙarƙashin bidiyo. Sai dai bai kamata a gina kaso a kan wannan adadi kaɗai ba, domin kuɗin talla ya danganta da ƙasar da mai kallo yake: kallo dubu daga Kano bai kai kallo dubu daga Landan ko Jidda kuɗi ba. Abin da ya dace a rubuta shi ne kaso daga ainihin kuɗin da kowane kashi ya shigo da su, tare da sharaɗin mai tasha ya nuna wa marubuci shafin lissafin tashar duk bayan wata uku, a gaban wakilin ƙungiya.